Goshin da Ya Ƙi Taɓa Ƙasa

Da bai amsa sallamar ba, da sun wuce? Da wannan tambayar nake kwana, da ita nake tashi. Na kai ta gaban malamai. Wani ya ce ƙaddara, wani ya ce in daina tone-tone. Ba wanda ya amsa. Ni ban yi karatu ba. Autata Ladi ce riƙe da biro, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara mini baki.

Damina ce. An yi ruwa kafin asuba ya ɗauke. A unguwar Dogo Nini muke, gidan ƙasa mai ƙyauren langa-langa. Malam, maigidana, ya dawo daga masallaci ya zauna a kan buzu a bakin ɗaki, yana jan carbi yana gyangyaɗi. Gadin wata firamare yake yi. Da tsufa ya kama shi aka mayar da shi aikin rana. Ni ina tsugune a gindin murhu, ina jiran ruwan kunu ya tafasa. Ya yi mitar tsamiya ta yi yawa a na jiya. Na ce to yau ya dama da kansa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Gari ya waye, rana ba ta fito ba. Na ji babura sun shigo layinmu. Suka tsaya. Aka kashe inji. Kajin maƙwabta ma suka yi tsit. Sai aka yi sallama a ƙofa, cikakkiya, har da wabarakatuhu. Malam ya amsa, shi ma cikakkiya. Ya ce a shigo.

Su uku ne. Fuska naɗe da rawani, ƙafa cikin silifas. Ɗaya wando ya yi masa yawa, ya ɗaure ƙugu da igiya. Bindigar da ya rataya ta fi ƙarfin kafaɗarsa, sai gyara ta yake. Wai waɗannan ne masu gyara wa duniya addini.

"Ku kwanta! Rub da ciki!"

Muka kwanta a tsakar gida, kafaɗa da kafaɗa. Ƙasa a jiƙe. Goshina ya nutse a cikinta. Ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa ya cika mini hanci. Malam ya ɗora tafinsa a ƙeyata.

"Kai ne mai gadin boko?"

Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Aikinsa ya buɗe ƙofa, ya kori awaki daga fili, ya raba faɗa. Ba su jira amsa ba. Suka ja shi ta ƙafa. Hannun ya bar kaina. Aka yi kabbara. Aka yi ƙara. Kwanon rufin ɗaki ya amsa. Bayan nan abin da nake ji kawai murfin tukunya, yana rawa a kan wuta.

Babura suka tashi. Na ji sun tsaya a layin baya. Wata sallamar. Wata ƙarar.

Ban ɗago ba. Rana ta fito ta hau bayana. Ruwan tukunya ya ƙone, na ji ƙauri. Ƙudaje suka zo. Wani abu mai ɗumi ya gangaro ya taɓa gwiwar hannuna, ya huce a wurin. Ban ɗago ba.

Da hantsi maƙwabciyarmu Maman Ngozi ta shigo ta inda katanga ta zube. Garin kwaki take sayarwa, Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Mama, ka tashi! Suna dawowa!"

Ban tashi ba. Ta sa hannu ta hammatata ta ɗaga ni kamar buhu. Ta kare mini ido da tafinta ta gefen da yake kwance. Ban gan shi ba. Buzun kawai na gani, da takalminsa ƙafa ɗaya.

Muka bi lungu. Ba mayafi, ba takalmi. Ƙofofi a rufe, ana leƙenmu ta kafa. Hayaƙi ya tashi ta wajen kasuwa. Muka cim ma wani ayarin mata da tsofaffi, ƙafafunmu suna ƙara a cikin caɓi. Wani dattijo ba abin da ya ɗauko sai buta. A bakin titin Kano masu kaki sun tare hanya.

"Hannu sama! Ku wuce!"

Na wuce hannu sama, da laka a goshi. Wata babbar motar shanu da ta juyo ba kaya ta tsaya. Direban ya kwashe mu. Muka tsaya a cikin kashin shanu, muna riƙe da juna, har wani ƙauye kafin Azare.

A nan azahar ta same mu. Na yi alwala a bakin rijiya, wata mata ta ara mini mayafi. Na tayar da salla a gindin darbejiya. Na yi ruku'u. Na durƙusa. Da goshina ya kusa ƙasa, ƙamshin nan ya taso. Wuyana ya sandare. Numfashi ya ɗauke. Na ji babura, alhali ko keke babu a wurin. Na faɗi gefe ina kakari. Tun daga wannan azahar goshina bai sake taɓa ƙasa ba.

Mazan da suka rage a unguwa su suka binne shi washegari. Labari aka kawo mini. Na yi takaba a gidan ƙanina a Azare. Maman Ngozi ta tafi garinsu, ba ta dawo ba. Da gari ya lafa, Ladi ta zo ta ɗauke ni zuwa gidanta a unguwar Ngojin.

Shekaru ke nan ina salla ba sujada. In na zo wurin sai in duƙar da kai kaɗan, in tsaya a iska. Liman ya aiko cewa ya halatta, mai larura nuni yake yi. Na gode masa. Shi dai goshinsa har da tabo. Ni na tsufa, ƙafata ɗaya tana bakin kabari, ina so in sa goshina a ƙasa in gaida Ubangijina kafin a sa ni a cikinta.

Masu magani kam na gan su. Aka fara kawo mai ruƙiyya, wani mai jan gemu da ƙaramar lasifika. Tun kafin ya zauna ya gano cutar: wai arnen aljani ne ya hau ni, shi ke ƙin sujada. Ya banka hayaƙi ya rufe ni da bargo. Ya kafa mini lasifika a kunne yana tsawa, "Fita! Waye kai?" Na ce ni ce, kuma kunnena yana ciwo. Ya ce wa Ladi ta ji taurin kan aljanin. Da ya gaji ya sa yaransa su danna kaina ƙasa. Na ciji ɗaya. Ya ci tuwo ya tafi, ya bar wa unguwa labari. Daga nan in na shiga sahun mata da azumi, sai na kusa da ni ta ja dardumarta.

Mai kemis ya ba da ƙwaya. Na yi ta barci kamar gawa, in tashi yawu a haɓa, tsoron yana zaune yana jirana. Wata mata ta kawo rubutu a galan. Wani ya ce in yi wanka da ƙasar kabarin Malam. Kowa da iliminsa a kan goshin da ba nasa ba.

Bara Ladi ta ji labarin wani likita da wata ƙungiya ke kawowa garin, mai duba waɗanda tashin hankalin nan ya taɓa. Ta ce yana sa mutum wani irin barci da ba barci ba, yana ji yana amsawa, a nan yake cire tsoro. Ta faɗi sunan abin da Turanci. Na ce wato bori ne na masu farar riga. Ta yi ta kuka har na hau keke mai ƙafa uku muka tafi.

Yaro ne sa'an jikana, fari, sai ƙamshin turare, Hausarsa ta rediyo. Ya nuna wani dogon gado ya ce, "Mama, bismilla, ki kwanta." Na juya zan fita. Ladi ta raɗa masa wani abu. Ya ba ni haƙuri, ya jawo kujera.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, bai ce aljani ba. Ya ce kaina ya san ranar ta wuce, jikina ne bai sani ba. Ya ce jiki ya haɗa ƙamshin ƙasa da mutuwa ya ƙulle su wuri ɗaya, aikinsa shi ne kwancewa a hankali. Na ce, "Ɗan nan, kai ka taɓa jin bindiga?" Ya ce a'a. Na ce, "To kwance mu gani."

Ya ce in kalli wani tabo a bango. In ja numfashi, in sake. Ya yi ƙasa da murya, yana maimaita magana ɗaya kamar mai rarrashin jariri. Wai idona yana nauyi. Ina shirin ce masa idona ƙalau, sai na ji ya yi nauyin. Hannuwana suka mutu a cinya. Ina jin fanka, ina jin kekuna a titi, amma duk sun yi nisa. Ya ce in je inda raina ya fi kwanciya. Na tafi gonar babana a ƙauye, ina yarinya, gero ya fi ni tsawo.

Muka yi ta komawa duk zuwan da ya yi. Ya kawo ƙasa a faranti ya yayyafa mata ruwa. Ranar farko daga bakin ƙofa ya ajiye, ina cikin barcin nan, ina cikin gero. Wata ranar kusa da ƙafata. Wata ranar na sa yatsa. Har na ɗebo na shinshina, zuciyata ta buga ta buga ta haƙura. A gida na fara durƙusawa, tafukana biyu a kan darduma. Goshina ya sauko, ya sauko. Ladi ta tsuguna ta gwada da hannunta, saura taƙi ɗaya. Ta rungume ni. Ni kuwa na sa an saya wa likita goro.

Zuwan ƙarshe ya ce yau tsakar gidanmu na Dogo Nini za mu shiga. Na yarda. Ya saukar da ni cikin barcin nan kamar kullum. Ya ce in ga murhu. Na gani. Ya ce in ga kaina a kwance, amma daga nesa, kamar mai leƙe ta katanga. Na gani. Ya ce sun tafi, babura sun yi nisa, ba za su dawo ba. Ina nan, ban farka ba. Sai ya ƙara yin ƙasa da murya.

"Ga Malam nan kusa da ke. Yana lafiya inda yake. Ki saurara, magana yake miki."

Na saurara. Allah ya sani na saurara da duk abin da ya rage a jikina. Na ji ɗumin tafi a ƙeyata.

"Yana cewa: Hauwa, tashi. Komai ya wuce."

Tafin ya ɓace. Idona ya buɗe tar. Ga fanka, ga tabon bango, ga yaro mai turare yana karkata kai kamar mai tallan magani.

Hauwa sunana ne, amma kuma sunan mahaifiyar Malam ne. Tun ranar da aka kai ni gidansa har ranar da aka ja shi ta ƙafa, sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ko a faɗa, ko a gaban alƙali da zai je. Wane ɗa ne zai buɗe baki ya kira sunan uwarsa a tsakar gida? Mai-suna yake ce mini. Ladi ta sani, ba a tambaye ta ba. An karanta komai a kan tsoro, ba a tambayi yadda miji ke kiran matarsa ba.

Na ce, "Wannan ba mijina ba ne. Kai ne."

Ya rikice. Ya yi ta ba da haƙuri. Da Ladi ta yi masa bayani ya dafe kai, ya ce a sake, yanzu zai faɗi daidai. Kamar ɗinki ne aka yi kuskure za a farke. Na ce ya riƙe goronsa. Na riga na ga hannun da ke cikin rigar. Ko ya kira daidai, na san bakin wa ke motsi.

Ban koma ba. Ya aiko sau da yawa, har ya zo gida da kansa ya tsuguna a zaure. Na amsa gaisuwarsa daga ɗaki. Ladi tana cewa ni na cuci kaina, saura ƙiris. Wataƙila. Ba na ƙin yaron. Haushin da nake ji shi ne ya kusa. Da bai kira suna ba, da na yarda, da yanzu na yi sujada.

Taƙin nan yana nan yadda Ladi ta gwada shi. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ƙamshin ƙasa ya daina kayar da ni, wannan aikin likita ne, ban hana shi ba. Abin da ya rage ba saukar ba ce. Ɗagowar ce. In na sa goshin nan a ƙasa, ban san wanda zai tashe ni ba.

Ban faɗa wa mai lasifika ba, ban faɗa wa likita ba. Ladi ma yau za ta fara ji. Da muke kwance, kafin su kama ƙafarsa, Malam ya matso da bakinsa kusa da kunnena. Yana warin goro. Muryarsa ba ta rawa.

"Mai-suna, kar ki ɗago sai na ce miki."