Ranar da Hajja Ta Yi wa Kwamfuta Fifita

Akwai wata Alhamis a Maiduguri da har in mutu ba za ta fita a raina ba. Lokacin nan ne da aka fasa turakun lantarki, gari ya yi wata da watanni babu wuta. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin ofishin agaji a unguwar Galtimari, ina ta ji da kaina saboda takardar difiloma.

Aikinmu shi ne tura sunayen matan da suka gudo daga ƙauyuka suka zauna a Dusuman, don a sa su cikin rabon abinci. Ba a tura sunayen haka kawai, sai kwamfuta ta kulle su da lambobin sirri, domin in suka faɗa hannun 'yan daji, rai ne. Ranar, in ba mu tura kafin azahar ba, matan sai wani watan.

Kullewar da ta saba ɗaukar minti kaɗan ta tsaya tana jan ƙafa. Na ce ƙwayar cuta ce, na bincika, babu. Na sake girka manhajar kullewar, shiru. Har na fara zargin wani ya yi mana kutse, gumi na ta zuba. Gaskiya na tsorata.

Mai rubuta sunayen wata dattijuwa ce Babarbariya, muna ce mata Hajja. Ni kuwa Bafulatani, don haka kullum cikin tsiya muke. Ta matso ta ɗora tafin hannu a kan kwamfutar, ta janye da sauri.

"Fulata, kai da ka taso a bayan shanu, ba ka san dabba in ta sha rana tana rage tafiya ba?"

Sai a sannan na duba gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Ashe zafi ya sa ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kullewa kuma aiki ne mai cin ƙarfinta. Abin kunyar, ni ne da safe na ɗora kwamfutar a kan matashin kujera don kada teburin ƙarfe ya goge mata fenti, na toshe duk kafofin iskarta.

Hajja ba ta jira bayanina ba. Ta ɗauke ta ta aza a kan murfin randar ruwanmu, ta zauna tana yi mata fifita da mafici kamar mai jinya. Ina kallo lambar gudun ta fara hawa. Sunayen suka tafi ana kiran salla.

Har na bar ofishin, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa randar ta ce ga injiniyarmu, wancan Fulata kuma mataimakinta ne. Ban taɓa musawa ba. Tun daga ranar, duk injin da aka kawo mini, kafin in buɗe ilimina sai na fara taɓa shi da hannu, domin saura kaɗan girman kaina ya hana mata da yara abincin wata guda.