Shanun Laka da Ba a Ƙirgawa

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu abin da ya rage mini in sani a duniya tunda na gama makarantar horon malamai, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Cadawa in riƙe ajin jardan, ajin ƙananan yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba. Ni a cikin garin Maraɗi aka haife ni, a can na tashi, saniyar da na fi sani ita ce wadda ke rataye a rumfar mahauta. Na sauka daga motar kasuwa da akwatina, da takalmi mai tsini da ya dinga nutsewa cikin rairayi, da littafin koyarwa da na cika da jan biro.

Ajin nawa rumfar kara ce a gefen lakol, wato makarantar bokon ƙauyen. Tabarmi uku, randa ɗaya, da ɗan allo da aka jingine a jikin gungume. Yara talatin da takwas aka damƙa mini. Ranar farko rabinsu kuka suka yi, sauran suka yi barci, ɗaya ya cinye mini alli. Sunayensu ban tsaya wahalar riƙewa ba, na ga kamar duk fuskarsu ɗaya ce. Kai mai jar riga, ke mai kitso, haka nake kiransu. Safe da bayan an dawo daga hutun ƙarfe goma sai in jera su in bi kawunansu da ƙirga, in lissafi ya cika hankalina ya kwanta.

A cikinsu akwai wata yarinya 'yar ruga, 'yar shekara biyar, siririya, ba ta da yawan magana. Tun ranar da na zo daraktanmu ya ja ni gefe a kanta. Ya ce wata da watanni ya yi yana zarya zuwa rugarsu kafin kakanta ya yarda ya ba da ita, ita ce ta farko da ta taɓa shigowa lakol daga can, kuma tsohon ya ce gwaji ne, ranar da ya ga abin da bai yi masa ba zai ɗauke abarsa.

"Ki lallaɓa ta, Madam," in ji darakta. "In ta tahi, ba ta dawowa."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai mun karanci halayyar yara.

Da muka zo darasin ƙirga, littafina ya ce a koyar da abin da yaro ya saba gani. Na ji daɗin kaina ƙwarai da dabarar da ta zo mini. Na sa aka ɗebo mana laka daga bakin tafki, na ce kowa ya gina shanu, in sun bushe mu ƙirga su. Har na gina guda ɗaya don su ga yadda ake yi. Na ɗaga ta sama, sai wata ta ce, "Madam, wanga kwaɗo ne?"

'Yar rugar nan kuwa ba ta ko kalli tawa ba. Ta zauna a ƙarshen tabarma ta ja laka gabanta. Shanunta da tozo, da leɓe, ta samo ƙaya ta yi musu ƙaho, ta shafa wa wata toka a goshi, ta lanƙwasa wa wata ƙaho ɗaya. Sauran yaran suka bar nasu suka kewaye ta. Ni ma na saci jiki na tura kwaɗona bayan randa.

Kwana biyu shanu suna shan inuwa har suka bushe. Ran na uku kowa ya jera nasa a gabansa. Ina bi ɗaya bayan ɗaya, yaro ya ɗora yatsa ya ce ɗaya, biyu, uku, mu tafa masa. Wani daga uku sai ya yi tsalle zuwa goma, shi ma mu tafa masa. Da na iso kanta sai ta naɗe hannuwa.

"Ƙirga mana naki mu ji."

"Ba a ƙirga shanu."

"Wa ya ce?"

"Baffa," ta ce, tana nufin kakanta.

"In an ƙirga hwa, mi zai faru?"

"Sai su rage."

Na yi dariya irin ta wadda ta yi karatu. Na ce to in ba ki ƙirga ba, yaya za ki san sun cika? Ta ɗago ta dube ni kamar ni ce 'yar jardan ɗin, ta ce, "Ai ina ganinsu."

Da ina da hankali da a nan na wuce gaba. Amma yara talatin da bakwai suna kallona, kuma ni a lokacin ban iya barin 'yar shekara biyar ta kayar da ni ba. Na ce mata waɗannan ai laka ce. Ta ce ai shanu ne. Sai na durƙusa, na miƙa yatsana, na bi su ɗaya bayan ɗaya da babbar murya har tara. Na ce, "Kin gani? Tara. Ba abin da ya same su."

Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe bakin zanenta ta fara kwashe su da sauri, don ta raba su da ni. Garin kwasar, mai tokar goshin nan ta faɗo, wuyanta ya ɓalle. Yarinyar ta ɗauki kan a hannu ɗaya, gangar jikin a ɗaya hannun, ta ɗaga mini.

"Kin gani," ta ce.

Mai cin allin nan ne ya fara sanarwa, ya ce Madam ta kashe saniya. Kafin la'asar maganar ta zaga ƙauyen, kuma a hanya lakar ta faɗi daga cikin labarin. Ina shiga gidan da aka saukar da ni, matar gidan ta bar dakan da take yi ta tare ni.

"Ke ɗiyar nan, da mi kinka kashe saniyar Fulani? Ke da ko kaza ba ki iya kamawa?"

Washegari yarinya ba ta zo ba. Jibi ma haka. Darakta bai yi mini faɗa ba, kallona kawai yake yi yana girgiza kai, wanda ya fi faɗan ciwo. Raina ya ɓaci sosai, don na san ni na kore ta, kuma ba don komai ba sai don kar a ce ban yi nasara ba. Rana ta uku saƙo ya zo daga ruga cewa kakanta zai zo da kansa ya maido da ɗan allon rubutun da lakol ta ba ta. Kowa ya san ma'anar maido da allo.

Ya zo ana cikin hutun ƙarfe goma, yara sun watsu suna wasa. Dogon tsoho ne, da malfa, da sanda a kafaɗa, yarinyar tana bayansa riƙe da gefen rigarsa. Muka gaisa, ya tambayi lafiyar mutanen gidanmu har na Maraɗi, sannan ya zaro allon daga aljihu. Darakta ya fara ba shi haƙuri, ya ɗaga masa hannu.

"Ni ba hushi nike ba," in ji shi. "Laka ce, na sani. Amma yau kun koya mata nuna na laka da yatsa, gobe sai ta tsaya tsakiyar garke tana nuna na gaskiya. Mu ba mu yin haka. Ubana bai yi ba, nasa uban bai yi ba."

Ni da ya kamata in yi shiru sai bakina ya buɗe. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, amma ƙirga tana da amfani. In ɗaya ta ɓata, da ƙirga za a gane. Tsaya ma ka ga yadda nike yi."

Daidai nan aka buga ƙarfen komawa aji. Yara suka sheƙo da gudu, na jera su a gaban rumfa, na gyara ɗaurin kallabina. Na bi kawuna ina ƙirgawa da ƙarfi don tsoho ya ji. Talatin da bakwai cif. Na juyo ina murmushi na ce, "Ka gani, Baffa? Da ita talatin da takwas. Ba wanda ya ɓata."

Yarinyar ta ja rigarsa, ya sunkuya, ta yi masa magana da Fulatanci. Ya miƙe ya dube ni.

"Ta ce ina mai tsotson yatsa?"

Na ce ai lissafi ya cika. Na sake ƙirgawa, ya sake ba ni talatin da bakwai. Sai yarinyar ta fito daga bayan kakanta, ta bi layin, ta tsaya gaban wani ɗan mitsitsi da ba ko wando a jikinsa, yana riƙe da guntun ƙuli-ƙuli.

"Wanga ba namu ba ne," ta ce.

Ashe ƙanin wata ɗalibata ne, ɗan shekara uku, ya biyo yayarsa lokacin hutu, da ya ga ana layi shi ma ya shiga. Na ɗora masa hannu a ka har sau biyu ban lura ba. Ita kuwa ɗalibar tawa ta gaskiya, mai tsotson yatsan, ba ta nan. Ban ma iya tuno fuskarta ba, balle sunanta.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Akwai rijiya a bayan lakol, ga hanyar da babura ke wucewa. Na cire takalmin na riƙe a hannu na nufi rijiya a guje, darakta ya nufi hanya yana kiran sunan da ni ban sani ba. 'Yar rugar ce ta biyo ni ta kama mini zane.

"Madam, ba can ba. In rana ta yi zahi, ƙarƙashin amalanke taka tahiya."

Ta ja ni zuwa bayan wani rumbu a maƙwabtan lakol, inda ake ajiye amalanken jaki. Ga ɗalibata kwance a inuwarsa, yatsa a baki, tana sharar barci. Na ɗauke ta na rungume, ita kuwa ta farka tana fushi don na tashe ta.

Da muka dawo, tsoho ya riga ya zauna a kan tabarmar yara. Na so ya yi dariya a wuce wurin, bai yi ba. Ya nemi ruwa, na ɗebo masa a randa, ya sha a hankali, ya ajiye moɗa.

"Ɗiyata, tun yaushe kike kiwon waɗanga?"

"Wata biyu, Baffa."

"Wata biyu."

Ya daɗe yana kallon yaran, ya kalli ɗan mara wandon da har yanzu yake tsaye a layi yana cin ƙuli-ƙulinsa. Sannan ya ɗauki allon ya miƙa wa jikarsa, ya juya wajen darakta.

"Na hwasa ɗauke ta. Ba don karatunku ba. Garken nan ba shi da makiyayi, in na tahi da ita, kahin damina sai kun rasa rabi."

Darakta ya juya baya yana ɓoye dariya, kafaɗunsa suna motsi. Tsoho ya kafa mini sharaɗi: in koya mata ƙirga duwatsu, da takalma, da 'ya'yan kurna, duk abin da na ga dama, amma ban da shanu. Na yi ƙasa da murya na ce, "Baffa, har na laka?" Ya ce har na laka.

A makon nan na zauna na koyi sunayen yarana ɗaya bayan ɗaya, kuma ita ce malamata. Ita ta gaya mini wanda ba ya ji da kunne ɗaya, da wadda ke zuwa ba ta karya ba, da wanda in ya yi shiru to fitsari ya matse shi. Ni kuma na koya mata ƙirga da ƙwallayen kurna, sai ta cinye kurnar tukuna sannan ta ƙirga. Kafin ƙarshen shekara tana kaiwa ashirin ba tuntuɓe.

Har yau ban yarda cewa ƙirga tana rage shanu ba, kuma har yau ina ƙirga yarana, don takardar buro, wato ofis, lamba take so. Amma na daina farawa da ita. Sai na bi fuskokinsu tukuna, na kira kowa da sunansa, na ga wanda idonsa ya faɗa. In na tuna yadda na tsaya gaban tsohon nan ina murmushi, hannuna a kan ɗan mutane da ba nawa ba, kunya takan sake kama ni kamar jiya aka yi.

Bara na haɗu da ita a kasuwar Agiye. Ta girma har ta fi ni tsawo, da jakar littattafai a kafaɗa, tana koleji. Ita ta gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ji daɗi ƙwarai, sai na yi irin tambayar da malamai ke yi, na ce ku nawa ne a ajinku? Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

"Madam," ta ce, "duk muna nan."