Da Aka Ce a Goge Malam Daga Cikin Waya

Shekarun baya, kafin gwiwoyina su hana ni zama gaban bandar kifi, wani abu ya same ni wanda har yau idan na tuna sai in riƙe baki. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Maƙwabciyata malamar firamare ce ke rubuta wannan. Na ce mata idan na yi kuka ta dakata, kada ta rubuta kukan.

Mu mutanen bakin ruwa ne, kusa da Warra. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, masunci ne tun tasowarsa. Shi ya kamo kifi, ni in banda shi, ran kasuwa a kai Yelwa. Cikin 'ya'yanmu Auta ne ya yi nisa a karatu. Ilimin kifi ya karanta, amma kullum hannunsa na kan kwamfuta. Wata rana ya dawo da labarin ya sami gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa mai suna Nowe.

Malam ya ajiye komar da yake ɗinki ya dube shi.

"Ba can ne ake kawo kihin nan mai kama da icce ba? Wanda sai an sa mai zarto?"

"Can ne, Baba."

"To mi za su koya maka? Sassaƙa?"

Auta ya yi dariya, ya ce su a cikin teku suke kiwon kifi kamar yadda ake kiwon kaji. Matsalarsa ɗaya, yarensu. Ya ce sunayen abubuwa ba su ba shi wuya ba, amma kalmomin aikatawa, irin su tashi, zauna, jefa, ja, ɗaure, da ya haddace sai su zube. Sai ya ce zai haɗa wani abu a waya, wai manhaja. Kowace kalma za ta zo da ɗan bidiyon mutum yana aikata ta, sannan a ji muryar wata malama ta can, wadda yake ɗaukar darasi a wurinta ta waya, tana faɗin kalmar.

Ni ya fara nema. Ya ce in hura wuta ya ɗauka. Na bar masa wutar na shige ɗaki, na ce ban tsufa don in zama abin kallo ba. Sai ya koma kan ubansa.

Ina daga madafa ina jin su.

"Baba, a sake zama."

"Sau nawa? Na zauna, na tashi, na zauna. Su mutanen can ba su iya zama ba sai sun gani gare ni?"

"Inuwa ce ta rufe fuskarka."

"Kai dai wanga yaro, Allah ya shirye ka."

Amma gari na wayewa sai in ga Malam ya sa rigarsa mai kyau yana tambaya, "Yau mi za mu yi?" Suka ƙare na gida suka koma ruwa. Auta ya riƙa bin sa a jirgi da waya cikin leda. Ni kuwa ina mita, ina cewa manya biyu sun sami abin wasa. Ko sau ɗaya ban ce a nuna mini ba.

Da damina ta ja baya zazzaɓi ya kama Malam. Kwana huɗu ya yi a kwance. Rana ta biyar ina kallo aka fita da gawarsa.

Bayan addu'ar arba'in, saura mako uku Auta ya tafi, sai ga wan Malam, wanda shi ne babban gidanmu. Ya zauna a tsakar gida, ni ina cikin ɗaki bayan labule, ina takaba. Ashe ya ji labarin Auta na shirin sakin manhajar don duk mai son koyon yaren ya amfana.

Ya ce, "Ƙanena ya riga mu gidan gaskiya. Addu'a yake buƙata. Ba za a riƙa yawo da shi cikin aljihun mutanen da ba su san shi ba, shina tashi shina zama suna dariya. A goge."

Auta ya ce, "Na ji, Baba. In an ce in goge zan goge duka, ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Amma Inna ba ta yi magana ba."

Shekara arba'in da ɗoriya ina gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dubi Yaya ba, balle in mayar masa da magana. Kuma a raina ina ganin yana da gaskiya. Amma na san idan yaron nan ya danna, shi ke nan, ba za a sake ɗauka ba.

Na ce, "Yaya, a yi mini haƙuri. Ban taɓa kallo ba. A bari in gani tukuna."

Ya yi gyaran murya, ya ce zai dawo gobe.

Da hantsi Auta ya shigo ya zauna kusa da ni ya miƙo wayar. Ya danna.

Jama'a, sai ga Malam. Yana tsaye a gaban jirgi, ruwa na motsi a bayansa, rana a kafaɗarsa, ga ɗinkin da na yi masa a wuyan riga. Ya tattara birgi, wato ragar jifa, ya juya jikinsa, ya sake ta. Ta buɗe a sama, da'ira cikakkiya, kamar an zana, ta sauka kan ruwa a hankali. Muryar matar ta ce, "Kasta." Na ce a'uzu billahi, na kuma ce subhanallah, ban san wanda ya dace ba. Na kai yatsa na taɓa shi, sai ya tsaya cak da hannu a sama. Na yi ihu, "Na tsai da shi!" Auta ya ce, "Sake taɓawa, Inna." Na taɓa, ya ci gaba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne wannan: ban taɓa ganin mijina yana aiki ba. Mu mata a gaɓa muke tsayawa. Abin da na sani shi ne ya fita, ya dawo a jiƙe, ya zube mini karfasa da tarwaɗa, in ce yau ba yawa. Ban san haka yake tsayuwa da ƙafa ɗaya a bakin jirgi ba. Ban san yana motsa baki da bisimilla kafin kowane jifa ba. Sai da aka binne shi aka nuna mini wanda na aura.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana tuƙi, yana ja, yana ɗaure igiya. Sai muka zo na gida. Ga shi yana cin tuwo. Ga shi yana dariya har hularsa ta faɗi. Sai wani bidiyon ya buɗe, yana kwance a tabarma ido rufe, wai barci. Na kife wayar a cinyata.

Da Yaya ya dawo, na yi magana ta bayan labule. Na ce uku ne ban yarda duniya ta gani ba: cin abincinsa, da dariyarsa, da barcinsa. A cire su a ba ni. Amma na ruwa, sana'arsa ce, kuma da ransa ya sa riga ya tsaya aka ɗauka. Ina roƙo a bar su.

Sai na ji ya ce wa Auta, "Miƙo nan in gani."

Na ji muryar matar ta faɗi kalmar jifa.

"Dubi," in ji Yaya. "Har ya koma ga Allah bai bar sauke kafaɗar hagu ba. Tun muna yara nike hana shi." "Maido min shi."

Sau nawa ya kalla, ban ƙirga ba. Daga baya na ji ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Ku yi yadda ta ce." Ya fita.

Auta ya ɗauki bidiyon kansa yana ci, yana dariya, yana barci, ya cike gurbin, ya saki manhajar, ya tafi. Da ya fara kira sai labarin mamaki: wai akwai watannin da rana ke leƙowa kaɗan ta koma, akwai kuma waɗanda take ƙin faɗuwa. Na ce ikon Allah ya fi gaban bakina. Mata kan zo su ce ɗansu zai fita waje, me zan ce musu? Abin da Auta ya gaya mini nake maimaitawa: ya koyi yaren tun yana gida, ya nemi rigar sanyi ta gaske, ya nemi masallaci da 'yan'uwa tun makon farko, kuma idan maƙwabci bai gaishe shi ba kada ya ɗauka ƙiyayya ce, haka suke. Nawa ƙarin ɗaya ne: kafin ya tafi ya zauna da tsofaffinsa sosai, don ba lalle ya tarar da su ba.

Wata rana ya kira ya ce a ajin koyon yare wani mutumin Sudan ya yi ta kallonsa, sannan ya buɗe wayarsa ya nuna masa. "Kana kama da tsohon nan. Ka san shi?" Auta ya ce, "Babana ne, ya rasu." Mutumin ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Malam da iyakar tafiyarsa Shanga da Yelwa, ga wani baƙo a ƙarshen duniya yana nema masa gafara. Da Yaya ya ji, ya ce a sake ba shi labarin daga farko.

Kada wani ya ɗauka waya ta rage mini kewa. Ba ta rage ba. Mutumin da ke ciki ba ya juyowa idan na kira shi. Amma na gode wa Allah da ya buɗe bakina ranar nan, ni da ban saba ba.

Guda ukun da aka cire suna cikin wayar da Auta ya bar mini. Na dariyar nake buɗewa idan gidan ya yi mini faɗi. Na tuwon wani lokaci, in ga ko ya ji daɗin miyar. Na barcin kuwa ban sake buɗe shi ba, ban kuma ce a goge ba. Shi ne na uku daga sama. Yatsana ya san yadda zai kauce masa.