Gawon da Ya Tsaya Tsakanina da Ita

A daminar da muka yi aikin gayyar kafa intanet a ƙauyenmu, kowa da abin da ya kawo shi. Malamin sakandare da ya jagorance mu ɗalibansa yake wa, mai walda kuwa so yake ya riƙa kallon ƙwallo. Ni saboda wata mai ɗinki na shiga, wadda ke zaune a Gagarawa Tasha, mai idanu kamar an wanke su da madara.

Muka ɗaura farantin kama sabis ɗaya a kan tankin ruwan Tasha, ɗaya a kan dogon ƙarfe a ƙauyenmu. Malam ya ce sharaɗin kawai su riƙa ganin juna. Da na ji haka sai da ƙwalla ta cika min ido.

Akwai wani gawo a tsakani, amma a lokacin tsirara yake, sabis na ratsa rassansa. Dukkanmu 'ya'yan manoma ne, mun san gawo da rani yake yin ganye, amma ba wanda ya tuna, muna ta kallon kwamfutar Malam.

Da kaka ta wuce na rubuta mata saƙon neman aure, ya ƙi tafiya. Na sake wani, na ƙara masa hawaye da taurari, shi ma ya maƙale. Kwana tara ina rubutu. Ita kuwa ta taɓa gaya min duk wanda ya yi mata shiru na mako biyu ta ɗauka ya fasa. In taka in je da kaina? A littattafan da na karanta ba a yin haka.

Malam ya hau ƙarfen ya duba, ya sauko yana salati: gawon ya cika da ganye, ya tare sabis. Muka tafi wurin dattijon da gawon ke cikin gonarsa, muka roƙi izinin sare shi.

Ya ce, "Ku sare shi? Gawon da ke ba gonata taki? Ku dai ku sare farantinku."

Na ce, "Baba, aurena ne a cikin ganyen nan."

"To hau ka ɗauko shi mana."

Muna cikin haka sai ga wani makiyayi da shanunsa, ya gaishe da dattijon, ya roƙi izinin datse rassa kamar yadda ya saba duk rani. Dattijon ya ce bisimilla. Mutumin ya hau da gatarinsa, Malam na ƙasa yana cewa, "Na hagu, ranka ya daɗe, na hagu."

Reshe na uku na faɗuwa wayata ta yi ƙara. Saƙonnina duk sun tafi a tare.

Shanun ba su gama cin ganyen ba amsarta ta iso: "Ban karanta duka ba, sun yi tsawo. Ka turo magabatanka."

Kwamitin aikin gayyarmu ya saka makiyayin cikin ma'aikatan gyara. Har yau idan sabis ya yi rauni, matata takan ɗago kai daga keken ɗinki ta ce in je in duba ko shanun sun ƙoshi.