Alamar da Kawu Ilu ke bari a jikin bango

Shekara biyar ke nan da rasuwar kawuna Ilyasu, wanda Hausawan Makka suka sani da Ilu mai shafe. Ya rasu a ƙauyenmu da ke ƙasar Kazaure, aka rufe shi a bayan gari. Ba can ya so a rufe shi ba. Ya kusa shekara talatin yana aikin gini a Makka, kuma kowa ya san addu'arsa guda ce: Allah Ya ɗauki ransa a garin nan, a sallace shi a Harami. Na san ajali da makwanci Allah ke rubutawa. Amma ni ne sanadin fitarsa daga Makka, kuma yau nake so in faɗa da bakina.

Ni ba mai ilimi ba ne. Firamare na gama, sai ɗan karatun allo. Kawu Ilu wan mahaifiyata ne. Shi ya nemo mini biza, ya sauke ni a ɗakinsa a unguwar Hindawiyya, ya koya mini riƙon cokalin shafe. Yana da wata ɗabi'a. Duk bangon da ya gama, kafin siminti ya bushe, sai ya sa bakin ƙusa can ƙasa wajen kusurwa ya zana 'yar alama: layi uku da suka haɗu kamar dala, da ɗigo a tsakiya. Na ga alamar nan sau ba adadi a gidajen alhazai na unguwar Jarwal, ban taɓa tambayarsa ma'anarta ba.

A shekarun nan ne wayoyi masu hoto suka cika hannunmu, muka shiga tura wa juna bidiyo. Akwai waɗanda suka kama ni ƙwarai, masu bayani a kan wata ƙungiyar asiri ta magina. Wai asalinta tun daga masu gina dalar Fir'auna, ta biyo ta kan maginan zamanin Annabi Sulaimanu. Wai daga baya wasu mayaƙan Kirista suka tono sirrinta a Ƙudus, suka ɓoye shi a majami'unsu, kuma wai har yau 'ya'yanta ke juya duniya a ɓoye. Alamarsu, in ji masu bidiyon, dala ce da ido a cikinta. Har yau ban san gaskiya da ƙaryar da ke cikin labarin nan ba, don ba ni da karatun da zan tantance. Abin da na sani shi ne, ya ba ni abin da ban taɓa samu ba. In na zauna a majalisar mai shayi ranar Juma'a bayan la'asar ina zuba wannan bayani, manya ma shiru suke yi suna saurarona.

Wata Juma'a Ɗanjuma mai tasi ya katse ni. Ya ce, "Kai Sabi'u, shehin waya! Wai magina ke mulkin duniya, ga ka magini ko takalmin kirki ba ka da shi." Majalisa ta fashe da dariya. Raina ya ɓaci. A wayata akwai hoton wani bango da muka gama a makon, na ɗauka ne don in nuna wa na gida aikinmu. Sai na buɗe shi, na matso da kusurwar, na ce, "Ku yi ta dariya. Ga alamar nan a cikin Makka. Ku tambaya ku ji hannun wa ya zana ta." Dariya ta ɗauke. Wani ya ce in tura masa, na tura.

Wallahi ban yi nufin Kawu da sharri ba. Gardama nake so in ci. Amma kafin mako biyu hoton ya zaga Hindawiyya da Utaibiyya, maganar ta yi ta girma. Daga "yana zana alamarsu" ta koma "ɗan ƙungiya ne", daga nan ta koma "ya bar Musulunci a ɓoye". Duk wanda ya zauna a Makka ya san nauyin wannan magana a garin da ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga. Kawu shi ke jan mu sallar azahar a wurin aiki, sai aka fara gabatar da wani. In an ajiye farantin shinkafa, sai ka ga mutane sun tattaru a ɗaya farantin. Ni kuwa ina kwana ɗaki ɗaya da shi, ina cin abincin da ya dafa, ban ce masa komai ba.

Kafilinmu, wato wanda takardun zamanmu ke hannunsa, Bahaushe ne haifaffen Makka, muna ce masa Ammu Bakur. Ya kira ni gefe ya ce, "Ya waladi, kai ɗan ƙanwarsa ne. Maganar nan da ake yi, sahih ce?" A nan Allah Ya ba ni ƙofar gyara. Da na ce ni na ƙirƙiro ta, da magana ta mutu a ranar. Sai na hango majalisa, na hango bakin Ɗanjuma. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ne masani." Ammu Bakur ya ce shi bai yarda da maganar ba, amma ba ya son mushkila. Da iƙamar Kawu, wato takardar zamansa, ta ƙare, bai sabunta ta ba.

Ranar tafiyarsa na ɗaukar masa jaka zuwa inda ake shiga motar Jidda. A saman kayan akwai likkafanin da ya wanke da zamzam tun shekarun baya. Ya ciro igiyar awonsa mai dalma a baki ya miƙa mini. Ya ce, "Sabi'u, ka san kakanka na wajen uwa magini ne? Sanda uku yake haɗawa, ya rataya dutse da zare a tsakiya, da shi yake gane bango ya miƙe ko ya karkace. Hoton abin nan nake zanawa. Ban iya rubutu ba, ni da leburorina kuma ba ma jin yaren juna. In sun gan ta sun san na auna, ba ha'inci." Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Da ka tambaye ni, ɗan nan."

Ashe ya sani. Har mota ta tashi ban ce ya yafe mini ba. Na ce a raina zan kira shi in hankali ya kwanta. Wata bakwai ina ɗaga kiran, sai aka kira ni aka ce ya cika.

Yanzu kusan bayan kowace salla a Harami ana kiran sallar gawa. Ina tsayawa a sahu in sallaci mutanen da ban sani ba, wasu ko mako ba su yi a garin ba Allah Ya ba su abin da Kawu ya roƙa shekara talatin. Ban taɓa idar da kabbarorin nan huɗu idona a bushe ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Bidiyon nan ba su ƙare ba, sai ƙaruwa. Kwanan baya wani ya turo mini irinsu, an zagaye tambarin wani kanti da jan layi, an ce shi ma na 'yan ƙungiyar ne. Na san Kawu ba zai yi dogon wa'azi ba. Zai ce ne, "An je an tambayi mai kantin?" Na goge, na kira wanda ya turo, na ba shi labarin nan tun daga farko. Na kuma gane ba Kawu kaɗai na zalunta ba. Na yi ta jingina wa Kiristoci makircin da ban gani ba, alhali ko zaman minti goma ban taɓa yi da ɗayansu ba.

Na je majalisa na faɗi gaskiya bayan rasuwarsa. Rabin mutanen sun riga sun koma ƙasarmu, sauran suka ce ai ya wuce. Ammu Bakur ya juya mini baya, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa na kawo maganar jarida, ko za ta kai inda hoton ya kai. Duk wanda ya taɓa ji ko ya tura, ya sani Ilu mai shafe Musulmi ne, bai san wata ƙungiya ba. Ni Sabi'u na ƙulla masa.

Yawancin gidajen da ya shafe a Jarwal an rushe su, otal-otal sun hau wurin. Amma bana aka kira ni gyara a wani tsohon gida a Utaibiyya. A saman bene, bayan tankin ruwa inda fenti bai kai ba, na ga alamar. Na ciro igiyarsa na sake ta a jikin bangon. Dalmar ta yi lilo ta tsaya, bango a miƙe daga sama har ƙasa. Na zauna a wurin na yi kuka. Ni ban taɓa zana alamar a bangona ba, don ban ga hannuna ya kai ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya ba shi a Aljanna maƙwabtakar da na raba shi da ita a duniya. Mai karatu, in ka roƙa masa rahama, ka roƙa mini Allah Ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu.