Kabad Ɗin da Ya Bi Bango

Kwana huɗu na yi a shagona na Gyaɗi-Gyaɗi ina haɗa wa wata Hajiya kabad ɗin kicin. Sau uku ina auna firam ɗinsa daga kusurwa zuwa kusurwa, komai daidai. Da na kafa shi a gidanta, sai ta ce, "Malam, ai a karkace yake." Na sake aunawa. Ashe bangon ne magini ya karkatar. Na yi bayani har na gaji, ta ce ita idonta ta sani. Cikin haushi na sassaƙe gefe ɗaya ya bi bangon.

Tun ranar take turo min mutane, wai aikina a miƙe yake. Har yau ban san wanne suke zuwa nema ba.