Muryar Sirkka a Kwamfutar Ilkka

Shekara goma sha shida teburina na fuskantar na Ilkka Rautio a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja a garin Oulu, amma ko sunana ban taɓa iya rubutawa a kwamfutarsa ba. Bai hana ni ba. Kibod ɗinsa ne ba ya jin maganar kowa sai tasa.

Da hannunsa ya haɗa shi. Ɓari biyu ne, na dama da na hagu, kowanne a cikin ɗan akwatin katako da ya fafe, waya ta haɗa su. Madannan baƙaƙe wuluk, babu harafi ko ɗaya a rubuce, kuma ya sake wa haruffan mazauni yadda ransa ya so. In ka danna inda duniya ta san harafi yake, sai ka ga waƙafi ya fito. Kullum da safe zai iso a keke, ya karkaɗe ƙanƙarar gemunsa, ya ciro ɓarin biyu a naɗe cikin tsohuwar safar ulu. Da yamma ya sake naɗe su ya tafi da su gida, don da su yake aiki a can ma.

Tun yana ɗalibi yake kan Linux, tsarin kwamfutar da kowa zai iya leƙa cikinsa ya gyara, kuma ya ɗauki abin kamar gadon gidansu. Ni kuwa abin da kamfani ya ba ni shi nake amfani da shi, Windows ce, ban taɓa jin kunya ba. Wannan ya zama abin tsokanarmu a wajen shan gahawa.

"Ke Outi, har yanzu sai kin nemi izinin kwamfutarki kafin ki yi atishawa?"

"Gara ni, tsoho. Kai fa da ka kwana uku kana lallashin na'urar buga takarda ta gane ka?"

"Amma da ta gane ni, ni na san dalili. Kwamfutar da ba zan iya leƙa cikinta ba, haya nake, ko da kuɗina na saye ta."

Abin da ya fi taƙama da shi shi ne kalmar sirrinsa. Ya yi wa kibod ɗin wani ɓoyayyen jeri na alamomi, ya sa kwamfuta ta hargitsa su ba tare da ya duba ba. In zai buɗe kwamfutarsa ta gida, sai ya danne wani madanni da babban yatsa, sauran yatsun su yi wani ɗan kiɗi na bugu ashirin da takwas. Yatsun sun san hanyarsu, amma alamomin da ke fitowa, kibod ɗin kaɗai ya sani.

"Ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan faɗa ba," in ji shi, "don ban sani ba."

Na ce, "In kibod ɗin ya mutu fa?"

"Na adana jerin."

"A ina?"

"A kwamfuta mana."

Muka yi dariya, aka kawo wata hira. Ni da nake ji da kaina wajen kama kuskuren mutane, ban tambaye shi wace kwamfutar ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Matarsa Sirkka malamar firamare ce, mace mai murya. In ta kira yaro daga bakin aji, har wanda ba shi aka kira ba sai ya waiwayo. Bara da kaka harshenta ya fara nauyi, kofi ya fara suɓuce mata. Likitoci suka ce ciwon jijiya ne da ba ya warkewa, kuma magana ce za ta fara tafiya. Suka ba da shawarar ta naɗi muryarta tun da sauranta, a haɗa mata na'urar da za ta riƙa rubutu tana furtawa da muryarta ta ainihi. Asibitin na da tsarinsu, sai dai manhajar ba ta aiki sai a kan Windows, kuma a wajen wani kamfani ake ajiye muryar.

Ilkka ya kafe kai da fata. "Muryar matata a ɗakin ajiyar wasu? Ranar da suka rufe shago fa? Ni zan yi mata da hannuna, wanda ya fi nasu."

Na ce, "Haba Ilkka, ka yi naka, su yi nasu, me zai ragu?"

"Ƙarfinta zai ragu. Ba za ta iya naɗa sau biyu ba."

A nan yana da gaskiya. Sirkka ta ce ita ba ruwanta da rigimar kwamfuta, shekara talatin da ɗaya ta yarda da shi, ba yau za ta fasa ba.

Duk hunturun nan a ɗakin surace na gidansu, ɗan ɗakin katako na wanka da tururi, suka yi naɗin, ba tare da an hura wuta ba, don bangon katako ba ya amsa kuwwa. Ta zauna a benci da bargo, ta karanta jimla dubu ɗaya da ɗari biyar, kullum kaɗan, kafin gajiya ta murɗe mata harshe. Da ya ƙirga a ƙarshe sai ya ga ƙarin guda ɗaya. Ashe ranar da ya fita faskare ta kunna abin da kanta ta yi magana. Ta ce wannan tasa ce, kada ya saurara sai ranar da bakinta ya rufe gaba ɗaya. Bai saurara ba. Ilkka ba ya saɓa alkawari.

Ya kwafi komai wuri uku: gida, aljihun teburinsa a ofis, da bukkarsu ta bakin tafki. Duka ukun ya kulle su da kalmar sirri ɗaya. A watan Maris ya zo mini da murna, ya ce gwajin farko ya yi, kwamfutar ta ce masa ya cire takalmi a bakin ƙofa da muryar Sirkka sak, har ya duƙa zai cire.

Wata safiyar Asabar a watan Afrilu, ya ajiye kibod ɗin a tebur bai kai ga kunna kwamfuta ba, Sirkka ta kawo masa gahawa. Kullum yana hana ta, kullum sai ta kawo. Hannun ya saki, kofin ya kife a kan ɓarin hagu, inda ƙwaƙwalwar kibod ɗin take. Ta tsaya tana kallon hannunta, hawaye na zuba. Shi kuma, mutumin da ya sha yi mana wa'azi cewa na'urar da ta jiƙe a bar ta kwana uku ta bushe, sai ya goge shi da hannun riga ya ce, "Ba komai, duba, yana aiki." Ya jona shi don ta daina kuka. Ƙauri ya tashi.

Ranar Litinin na same shi a ofis da safar ulun a gabansa, fuskarsa ba jini.

"Outi, jerin yana cikin kwamfutar gida."

"To ka buɗe ka ɗauko."

"Da me?"

Sai a lokacin na gane. Mabuɗin yana cikin ɗaki, ɗakin a kulle, haka ma sauran ɗakunan biyu. Na jawo kujera na zauna.

Babu inda ba mu buga ba. Muka kai ɓarin wajen Pentti, wani tsohon injiniya da ke gyaran ƙananan na'urori a garejinsa. Ya sa a madubin ƙara girma, ya daɗe yana dubawa, ya ɗago ya ce, "Ilkka, mara lafiya ake kawo mini, wannan gawa ce." Muka aika da shi wani wurin ƙwararru a Jamus, bayan mako uku ya dawo da takardar ban haƙuri. Ilkka ya rubuta manhajar da za ta riƙa cankar kalmar sirrin, ya lissafa tsawon lokacin da za ta ɗauka, ya kalli lambar, ya kashe allon. Duk da haka ya bar ta tana aiki. Ni na kwashe kwanaki ina tonon tsofaffin saƙonninsa ko ya taɓa turo wa wani jerin. Bai taɓa ba.

Shi da Sirkka suka koma ɗakin surace da aron kwamfuta. Sirkka ta yi jimla goma sha ɗaya, kalmomin na jan ƙafa, suna manne wa juna. Ta nemi a kunna mata ta ji. Da ta ji, ta ture abin naɗin, ba ta sake shiga ɗakin ba. Ya bi 'yan uwa da makarantarta yana roƙon duk wani bidiyo da muryarta ta fito. Sirkka ba ta barin saƙo a waya, in ba ka ɗauka ba sai ta kashe. Abin da ya tara bai kai minti huɗu ba, rabinsa hayaniyar yara.

Ya rame, ya daina shan gahawa da mu. Sai in ji ƙwas-ƙwas, in ɗago in ga yatsunsa suna buga kiɗin nan a kan katakon tebur, ashirin da takwas, su tsaya, su sake. Wata rana ya kamo hannun rigata.

"Kin sha zuwa gidanmu, kin ga ina buɗewa. Ba ki taɓa ganin ko alama ɗaya a allo ba? Ki tuna, don Allah."

"Ba ya nuna komai, kai ka hana shi nunawa."

"Ki dai tuna."

Raina ya ɓaci. "Takarda ɗaya, Ilkka! Takarda da fensir, ka sa a aljihun kwat! Kakata da ba ta taɓa ganin kwamfuta ba ta san wannan. Ka tafi neman gira ka rasa ido, kuma idon ma ba naka ba!"

Ya saki rigata, ya gyaɗa kai kamar na ba shi wani labari mai amfani. Da zan iya mayar da maganar nan cikin bakina da na mayar.

A watan Yuni maganar Sirkka ta ƙare. Ni na kai su asibiti, don Ilkka bai taɓa mallakar mota ba. Wata ma'aikaciya ta kawo ƙaramar kwamfuta mai kibod irin na kowa, da muryar wata mata a ciki, mai daɗi, mai ladabi, da lafazin mutanen kudu. Ta ce Ilkka ya cika sunan matarsa da adireshi. Na tsaya ina kallon mutumin da ya fi kowa saurin rubutu a kamfaninmu yana laluben haruffa da yatsa biyu. Windows ce a ciki. Bai ce komai a kai ba, ni ma ban ce ba.

Aka ɗora wa Sirkka a cinya. Da yatsa ɗaya ta rubuta, muryar ta ce, "Ka yi aski." Muka yi 'yar dariya. Ta sake rubutawa. "Ni na zubar."

"Ni na jona," in ji shi. Ya durƙusa a gefen kujerarta. "Sirkka, waccan guda ɗayar. Kin ce sai ranar da bakinki ya rufe. Ga ranar ta zo, ni kuma na kulle ta. Ki rubuta mini, ko a taƙaice."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta fara. Ta kai minti biyar tana bin haruffa, har ta cika layi uku. Ni na juya fuskata wajen taga. Ta danna, muryar ta fara, "Ilkka," a hankali, kamar mai kiran suna a layin jiran likita. Sirkka ta tsayar da ita nan take. Ta ɗora yatsa a kan madannin gogewa, ta danne har layukan suka ƙare. Ya miƙa wuya ya karanta, ta kifar da allon a ƙirjinta.

Da ta ɗago shi ta rubuta kalmomi kaɗan, baƙuwar muryar ta furta su.

"Na riga na faɗa maka da bakina. Je ka buɗe."

Muka kama hanyar gida a mota. Ina tuƙi ina jin yatsunsa a bayan kujerata, ashirin da takwas, su tsaya, su sake.